Gidan da Ba Shi da Zaure

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka raɗa wa ɗana Usman suna ba. Lokacin Turawa suna nan, ni kuma ina matashin ma'aikaci a wajen masu awon filaye a Azare. An tura ni Kano na yi wani ɗan kwas, na dawo kaina ya kumbura. Ni fa ɗan Katagum ne, a lungu na tashi kamar kowa, amma da na dawo sai na ga kowane lungu na Azare laifi ne. Aikina bai wuce riƙe igiya da kafa turaku ba idan ana yanka sababbin filaye, amma in ka ji ni ina magana sai ka rantse ni na zana birnin Kano.

Ra'ayina a lokacin ba shi da yawa, sai dai ƙarfi. Titi ya miƙe sambal, gidaje su yi sahu, kowane ɗaki a huda masa taga. Zaure kuwa, a ganina, ɓarnar fili ne kawai, ɗaki guda a ce ba mai kwana a ciki. Ƙa'idar sabon layi ba ta hana zaure ba, abin da ta ce shi ne kada gini ya wuce turken da aka kafa a bakin titi. (Sauran ni na ƙara mata daga aljihuna.)

Da aka ba ni fili na tashi yin gida, sai na ce zan nuna wa gari yadda ake gini. Ƙofa ɗaya daga titi, kana buɗewa ka faɗa falo, shi kuma falon ƙofarsa ta baya tana kallon tsakar gida sak, don iska ta ratsa. Iska kam ta ratsa. Ido ma ya ratsa, domin duk wanda ya tsaya a bakin ƙofata yana hango murhu da turmi da maiɗakina Hauwa tana aikinta.

“Malam, ni fa ban sake ba a gidan nan,” in ji ta wata rana. “Da mayafi nake tuƙa tuwo kamar baƙuwa.”

Na ce za ta saba, haka matan birni suke yi. (Ban taɓa shiga gidan kowa a Kano ba, a ɗakin kwanan ɗalibai na zauna har na gama.)

Abin da ban yi lissafi ba shi ne, ba namijin da zai shigo. Mutum zai yi sallama daga tsakiyar titi, kansa a sunkuye, in ce masa ya shigo mana, ya ce a'a, a tsaye yake. Tun ana zuwa a tsaye har aka daina zuwa. Da yamma maza kan fito da kwanukan tuwonsu su haɗu a zauren Malam Bukar da ke tsallaken titi, wani dattijo ɗan asalin Barno mai fataucin kanwa. Ina jin dariyarsu, ina jin ƙarar buta ana wanke hannu, ni kuwa ina falona ni kaɗai da kwanona. Ba na iya tsallakawa, saboda gidan Malam Bukar ya riga sabon layin zuwa, zaurensa ya ɗan shigo titi, ni kuma na taɓa miƙewa a gaban mai unguwa na ce kamata ya yi a datse shi. Gaskiya kaɗaici ya ci ni a wannan shekarar. Ba ni da kowa a Azare sai Hauwa, kuma girman kai ya hana ni faɗa mata.

Sai Allah ya ba mu haihuwa cikin damina. Ta fari a Sakwa aka yi ta wajen iyayen Hauwa, wannan ta biyu ce, don haka a gidana za a yi suna. Na ce madalla, ranar da unguwa za ta shigo gidana ke nan, in sun shigo sau ɗaya sun saba. Na aika da goro ko'ina, har gidajen da ban san masu su ba. Na aro bencuna na jera su a falo layi-layi, na ja da baya na dube su, na ji daɗi.

Ranar suna bayan sallar asuba, hadari ya haɗo, mutane suka fara taruwa a ƙofar gida. Ciki kuwa mata ne cike, dangin Hauwa da maƙwabta, wasu na hura wutar ruwan wankan jego, wasu na daka, kowace ta ajiye mayafi. Liman ya iso, ya dube ni.

“Malam, ina za mu zauna?”

“Ga falo nan, Allah gafarta Malam, an shirya komai.”

Ya leƙa, nan take ya kawar da kai. “Subhanallahi! Ai cikin gida ne wannan.”

Maimakon in nemi labule ko zana in tare ƙofar baya, sai na gyara tsayuwa na fara yi wa liman da dattawan unguwa bayanin amfanin iska da haske ga lafiyar ɗan Adam. Ina cikin bayanin ruwa ya tsuge. Malam Bukar ya ɗaga murya daga tsallake ya ce, “Ku taho nan mana, ai duk gida ɗaya ne!” Kafin in rufe baki titi ya zama wayam. Har ƙwaryar goron wani ya sunkuta ya bi su da ita.

Ni kuwa na koma falo na zauna a bencin gaba, wai in ruwa ya tsagaita za su dawo. Ina zaune ni kaɗai a cikin bencuna, kamar ɗalibin da aka tsare bayan an tashi. Ungozoma ce ta leƙo, wata tsohuwa da ba ta tauna magana, ta ce, “Kai ɗan nan, ana can za a raɗa wa ɗanka suna, kana nan kana gadin katako?”

Na ruga cikin ruwa na tsallaka. Zauren ya cika maƙil, ba inda zan sa ƙafa, sai na tsuguna a bakin ƙofa cikin takalman jama'a, indararo yana zuba a bayana. Masu zuwa a makare suna tsallake ni suna cewa, “Barka, Malam Bukar! Ashe da sauran ƙarfi!” Shi kuma yana dariya yana cewa ba nasa ba ne, amma hayaniya ta hana a ji. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga ina rawar sanyi, ya ɓantaro goro ya miƙo mini.

“Karɓi, samari. Kai ma barka ka zo?”

Na karɓa. Wallahi na karɓa, har da godiya, goron da na sayo da hannuna.

Sai liman ya ce, “To, ina uban yaro? Ya zo ya faɗi suna.” Aka shiga waige-waige. Da yawansu goro kawai aka kai musu, ba su san fuskata ba. Na ɗaga hannu daga cikin takalma, da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba na ce, “Ga ni.”

Dattijon nan mai ba ni goro ya ƙura mini ido. “Kai ne? A ina kake zaune?”

Na nuna masa gidana.

“Au, wancan? Wallahi na ɗauka ɗakin shan magani ake shirin buɗewa. Har na ce wa iyali in an fara su gaya mini, ƙafata na damuna.”

Zauren ya ɗauki dariya, har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani. Na ratsa ƙafafun mutane ina ɗiga, na durƙusa na raɗa wa liman sunan. Malam Bukar ya shiga ciki ya ɗauko mini wata babbar rigarsa da ta kusa ninka ni biyu, a cikinta na karɓi addu'ar ɗana. Bai ce mini uffan a kan maganar datse zaure ba, ranar ko bayanta, kuma shirun nan ya fi dariyar ciwo.

Da damina ta wuce na kira magini, ya toshe ƙofar bayan falon ya huda wata a gefe, falo ya koma zaure. Na shimfiɗa tabarma na zauna ina jiran jama'a. Shiru. Mutane suna wucewa su ce, “Gini ya yi kyau, Malam,” su tsallaka wajen Malam Bukar. Sai da na haɗiye girman kaina wata yamma, na ɗauki kwanon tuwona na tsallaka titin da kaina, aka matsa mini wuri ba wanda ya tambaye ni komai.

Har yau ina son miƙaƙƙen titi, ban tuba daga wannan ba. Amma in yaran yanzu suka kawo mini zanen gida suna nuna mini tagogi, nakan bar su su gama, sannan in tambaye su inda baƙo zai zauna in ruwa ya sauko. Sukan ce ba su yi tunanin baƙo ba. Ni kuma in ce kada su damu, in suka gina shi haka, ba zai zo ba.