Rasuwar Kwamfutar Auta a Cikin Firij ɗin Yayanta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yanzu bai huce ba, mutanen gidan nan suna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zuwa aka cike masa takardar neman aiki kyauta, rasuwar kwamfutar Auta. Ta gamu da ajalinta ranar Litinin, a cikin firij, tsakanin ƙullin ƙanƙara da ledar kifi. Shekararta shida a gidan nan. Kafin nan babu wanda ya san hannu nawa ta ratsa, domin ta hannu ce, ta zo da tabon ƙuna a murfi da hoton wata kyanwa da ya ƙi ɓaruwa.

Ga wanda bai sani ba, Auta ita ce ƙaramar 'yar gidan, kuma sana'arta rubutu a intanet. Mutanen da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba sukan aiko da abin da suke so, ta rubuta, su biya ta, su ɗora sunansu a kai. Da wannan ake sayen maganin hawan jinin Mama, da shi ake ɗora tukunya tun da ƙafa ta zaunar da Baba. Amma a wurin dangi Auta zaman banza take yi. Gwaggonta in ta zo takan leƙa ɗaki ta tambaya ko har yanzu danne-dannen ake yi, sannan ta wuce ta ci abincin da danne-dannen ya saya, ta nemi ƙari.

Marigayiya ba ta taɓa raina aiki ba. Ta rubuta yadda ake goge wa kare haƙora. Ta yabi takalmin tafiya cikin dusar ƙanƙara a ranar da zafi ya hana kaji kuka. Ta siffanta ɗakunan wani otal na bakin teku har da ƙamshin labule, alhali tagar da take fuskanta katangar maƙwabci kawai take nunawa. Akwai ranar da aka sa ta bayani kan tsawon ran kunkuru, Baba ya jawo kujera ya zauna har aka gama, ya yi kwana biyu yana kallon kowa a gidan kamar mai gaggawar banza.

In aka kunna ta takan ce "ɗin", ta yi shiru kamar mai shawarar ko ta tashi ko ta koma barci. Can sai fankar cikinta ta ɗauka, "fuuuu". Ta daɗe tana fama da zazzaɓi, Auta kuwa ta san jinyarta: bulo biyu a ƙarƙashi don iska ta ratsa, fanka a gefe, hutu bayan kowace awa.

Babban halinta shi ne riƙon amana. Tun da babu sunan Auta a kan ko ɗaya daga cikin rubuce-rubucenta, marigayiya ce kaɗai shaidarta. Kowane aiki yana cikinta tun daga zubin farko mai kurakurai, da ranar da aka fara shi. A makon jiya wata mata mai babban shafi na harkar lambu ta yi wa Auta tayin aiki na dindindin, kuma a karon farko da sunanta a sama. Sharaɗi ɗaya ta sa. Ta ce yanzu mutane da yawa na'ura ke rubuta musu su ce su ne, don haka tana son ganin zubin farko na tsofaffin ayyuka kafin Laraba. Auta ta tattara su wuri guda ranar Lahadi, ta ce in ta dawo daga kai Mama asibiti da safe za ta ƙara dubawa ta aika.

A nan ne ya zama dole a ambaci yayanta, wanda ake kira Injiniya, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin takardarsa, kuma babu abin da ya taɓa kwancewa ya sake tashi. Sana'arsa sayar da ƙanƙara daga firij ɗin da Baba ya saya masa shekara uku da suka wuce, wanda ke tsaye a baranda yana shan wutar gida yana gurnani. Fitar Auta ke da wuya ya shiga ɗakinta, ya ɗauke marigayiya daga kan bulonta, ya kwantar da ita a katifa yana kallon kokawa. Da jikinta ya ɗau zafi sai hikima ta zo masa. Ya buɗe firij ya sa ta, wai ta ɗan sha iska, ya fita wurin mai aski musun ƙwallo. Bayan awa uku ya tuna. Ya fito da ita tana naso, bai ko goge ta ba, ya jona mata wuta ya danna.

Maganarta ta ƙarshe ita ce "tsss". Sai ƙauri.

Da Auta ta dawo ba ta yi kuka ba, ta dai tsaya da ledar magani a hannu tana kallonsa. Shi kuwa ya ce taimako ya yi, ai kowane mai zazzaɓi sanyi ake sa masa, kamata ya yi a gode masa. Da ya ga babu mai godiya sai ya gyara tsayuwa.

"Ke Auta, gara ma da aka yi haka. Yanzu sai ki zo ki riƙa ƙulla mini ƙanƙara, ki san kin yi aiki."

"Yaya," in ji ta, "shinkafar da ka ci jiya, kwamfutar nan ce ta rubuta ta."

Mai gyara ya buɗe cikinta ya ce ruwa ya kai ko'ina, har rumbun ajiyar, babu ko layi ɗaya da zai fito. Auta ta rubuta wa mai shafin lambu ta waya, ta faɗi gaskiyar abin da ya faru. Matar ta amsa cikin ladabi cewa ta sha jin uzuri iri-iri, na firij dai sabo ne a wurinta, kuma ta ba wani aikin. Auta ta karanta sau biyu, ta kife wayar, ta je ta ba Mama maganinta. Da yamma aka gan ta zaune a baranda da ledojin ƙanƙara a cinya tana gwada ƙulli. Baba ya dubi yatsun nan da suka san kunkuru da teku suna kokawa da bakin leda, ya nemi a miƙo masa sandarsa.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif, da bulo biyu, da fanka wadda har yau take juya kai hagu da dama tana nemanta. Ta bar masu ba da aiki huɗu, babu wanda ya yi gaisuwa a cikinsu, biyu ma sun aiko tambayar ina rubutun Juma'a.

Za a yi rakiya ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, daga gida zuwa shagon mai gyara. Ba za a yi mata wanka ba, ruwan da ta sha ya isa. Firij ɗin zai bi ta a baro ɗaya, domin Baba ya taka da sandarsa ya zare shi daga wuta da hannunsa, kuma an daidaita da mai gyara zai karɓe shi ya ba da wata kwamfutar ta hannu. Injiniya ne zai tura baron, ta babban titi, ba ta lungu ba. Duk mai son yi masa jaje zai same shi a baranda yana kwashe ruwa.

Ana roƙon Gwaggo, da duk mai shawarar Auta ta nemi aikin gaske, su yi gaisuwarsu daga gida. Sauran jama'a su zo bayan ƙarfe huɗu, kuma kada a ƙwanƙwasa ƙofa kafin lokacin. Kafin wata kwamfutar ta iso, rubutun Juma'a da manyan yatsu biyu ake yin sa a waya, kuma Auta tana bakin aiki.