Rasuwar Gwaggo Eko, Wadda Ta Ga Zuciyar Balki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka so zubar da hawaye amma suka tuna halin da ake ciki na ruwa a bana, Likita Muntaka Bawa, mai ƙaramin asibitin da ke bayan tashar Matameye, yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa kwanciya aka shafa masa wani mai mai sanyi a ciki, rasuwar na'urarsa ta leƙa cikin jiki, wadda a takarda ake kira eko, matan gari kuma suke ce mata Gwaggo.

Ta rasu wata Talata bayan azahar, tana kan aiki, wata guda bayan sojoji sun karɓi mulki. Sanarwar ta makara da wata biyu, laifin kuma na Likita ne. Ƙin yarda ya yi. Kullum da safe sai ya yaye zanen da ya lulluɓe ta, ya danna maɓalli, ya tsaya yana jira.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar. Ta iso ta Kwatano cikin akwatin katako tare da tayoyin keke, bayan wani asibitin Turai ya sallame ta saboda tsufa. A nan ta sake sabuwar rayuwa ta shekara tara. Mace ce mai haƙuri da wuta: a kawo ta gode, a ɗauke ba ta magana. In an kunna ta sai ta yi "ƙiiii... ɗit", ta yi shiru kamar mai tuna inda ta kwana, sannan fuskarta ta yi haske. In an sa ta sauraren jini kuwa, sai ɗaki ya cika da "fuu-fuu, fuu-fuu", har tsofaffi su riƙa neman tsari.

Ba ta san babba ba. Wani mai anini uku a kafaɗa ya zo da rakiyar bindiga yana cewa an sa masa guba. Ta dube shi tsaf, ta nuna iska ce da wake. An san ba a tona aibin mamaci, amma gaskiya ta sa a faɗa: sau biyu ta yi wa wani Alhaji albishir da namiji, sau biyu aka raɗa wa mace suna. Iyalinta suna roƙon ya yafe.

Ciwon ajali ya fara da shigowar zafi. Layuka suka riƙa ratsa fuskarta, bayanta ya riƙa ɗaukar zafi kamar kaskon tuya. Aka kira Tanko mai gyaran rediyo, ya buɗe ta, ya leƙa, ya mayar ya rufe.

"Likita, fankar cikinta ta mutu, kuma babu irinta ko a Kano. Minti goma ka kashe ta ta huta. Ka wuce haka, kai ka sani."

Likita ya kiyaye wannan doka har ranar da aka kawo Balki.

Balki ƴar Kurni ce, uwar ƴaƴa biyar, wadda a da ita ake kira in za a yi dakan biki. Bayan haihuwarta ta ƙarshe ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta yi mako uku ta saɓe, kowa ya manta. Daga nan numfashi ya fara yi mata gardama. Shekara biyu ana cewa fuka ce. An auna majinarta sau uku ba a ga tarin fuka ba. An ɗauki hoton ƙirjinta a Damagaram aka ce zuciyar ta ɗan yi faɗi, ta rage gishiri. Da shekarar fari ta zo, kowa a Kurni ya koma tafiya a hankali, sai ciwonta ya ɓace cikin na jama'a. Mijinta Abdu ne ya dawo daga cin rani a Kano, ya ga leɓenta ya yi duhu, ya ɗora ta a amalanke.

"Likita, ko tulu ba ta iya ɗagawa," in ji Abdu. "Har an fara cewa son jiki ne."

Balki ta jira numfashinta ya dawo, ta ce, "Daga ɗaki zuwa rumbu sai na zauna sau biyu. Rumbun ma ba komai a ciki. Dubi wahalar banza."

Aka kwantar da ita ta ɓangaren hagu, Likita ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙarinta. Ya daɗe yana neman hoto cikin layukan nan. Da hoton ya tsaya, sai ya matso da fuskarsa. Ɗakin dama na zuciya, wanda ya kamata ya zama ƙarami, ya kumbura har ya danne na hagu.

Jamilatu, malamar jinyar da ke aiki da shi, ta dubi agogo. "Likita, minti goma."

"Na ji."

Ya san in ya kashe ta yanzu, ba lallai ta farka kafin yamma ba, kuma mai amalanke ba zai kwana ba. Ya san kuma in ya tura matar nan gaba da baki kawai, za a sake ce mata ta rage gishiri. Yana buƙatar lamba a takarda. Ya juya maɓallin sauraro, yana auna ƙarfin jinin da ke tsiyayowa baya, don ya gane irin nauyin da zuciyar take turawa. Gwaggo ta yi "fuu-fuu" da muryar da ta dushe. Jamilatu ta ɗauko faifai biyu tana yi mata fifita da hannu bibbiyu. Lambar ta fito, ta ninka ta mai lafiya har sau uku.

"Minti ashirin da biyar. Likita, ƙaurin roba nake ji."

"Ɗaga mini zanenta zuwa gwiwa."

A bayan gwiwar hagu ya sami jijiyar. Ya danna, ta ƙi lotsawa, cikinta duk tabon tsohon gudan jini. Ya buga hoto huɗu. Na huɗun yana fitowa, a minti na arba'in, marigayiya ta yi "ɗit" sau ɗaya, fuskarta ta tattaru ta zama ɗigon haske, ɗigon ya tafi.

Likita ya zauna a kan benci ya yi wa Abdu bayani da takardun a hannu. Ya ce gudajin jini ne suka taso daga ƙafa tun lokacin jego, suka je suka tsaya a hanyoyin jinin huhu, ba su narke ba, suka sandare. Zuciya tana ta turawa a kan toshewa shi ya sa ta kumbura. Ya ce Gwaggo wahalar zuciyar ta gani, toshewar kanta sai manyan yayyenta da ke asibitocin birni.

Abdu ya dubi hayaƙin da ke fita ta bayan na'urar, ya ce, "Mu muka kashe ta ke nan?"

"Ni na kashe ta. Ku tashi ku nemi motar Kano."

Ƴan Matameye masu cin rani a Kano suka sauke su a ɗakinsu. Can aka shigar da Balki cikin sikane, babbar na'urar hoton cikin jiki, aka ɗura mata ruwan da ke haska jijiya, aka ga hanyoyin sun ƙuntace, wasu sun yanke. Daga baya a Yamai aka yi mata hoto biyu, ɗaya na inda iska ke shiga a huhu, ɗaya na inda jini ke kaiwa. Iska ta cika ko'ina, jini kuwa ya bar gurabe kamar gonar da shuka ta ƙi fitowa. Yanzu tana shan maganin tsinka jini kullum, kuma za ta sha har iyakar rayuwa. Aikin da zai kankare toshewar sai a ƙasar waje. Takardar neman tafiya tana wani ofis tana jiran sa hannu, kuma tunda aka sauya masu kujeru ba a gane hannun wa ake jira ba. Ba ta warke ba. Amma ta san sunan ciwonta, kuma duk wadda ta taɓa ce mata mai son jiki, an kai mata hoton har gida ta gani.

Marigayiya ta bar kan na'ura biyu, ɗaya da tsaguwa. Ta bar ƙanwarta mai buga hoto, wadda ta yi takaba ba takarda. Ta bar injin wuta, abokin zamanta na shekara tara, wanda bai fasa ihunsa ba ko na yini ɗaya, abin da ya ba iyali kunya. Ta bar rabin galan na man shafawa, da mata masu ciki goma sha bakwai waɗanda yanzu sai ranar haihuwa za su san abin da suke ɗauke da shi, kamar yadda iyayensu suka yi.

An tuntuɓi limamin unguwa kan batun salla, ya ce Likita ya ji tsoron Allah. Saboda haka za a yi zaman gaisuwa kawai, ranar Asabar da hantsi, a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar asibiti. Babu abincin sadaka, kowa ya san shekarar. Akwai shayi, mai son sukari ya zo da nasa. Daga nan Tanko zai ɗauki gawar zuwa shagonsa, inda ya yi alkawarin raba sassanta ga rediyoyi mabuƙata.

Balki ta aiko cewa za ta zo, kuma daga tasha da ƙafarta za ta tako, kada wanda ya tura mata babur. Tafiyar minti biyar ce. A ba ta awa guda. Kada a ɗaga gawar sai ta iso.