Baƙi da Yawa, Ɗakuna Kaɗan

A wata jami'a da ba sai na kama suna ba, akwai wani Farfesa, shugaban sashen kwamfuta, wanda ɗalibai ke ganin motarsa su canza hanya. Ɗalibi zai zo kare kundin digirinsa ya sha kwat, yana zuba Turanci kamar an kunna famfo, Farfesa ya ƙyale shi sai ya yi nisa, sannan ya rufe kundin a hankali ya ce a dawo wata shekara. Bara haka ya yi wa Uwani. Ƙawayenta suka tafi bautar ƙasa suna turo mata hotuna cikin kaki, ita kuwa tana gida tana shan tambayar dangi, wai har yanzu bokon bai ƙare ba? Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Bana kuma ita ce damarta ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa, shekara biyar ta bi ruwa.

Kundin nata a kan wata manhaja yake da ake kira haifabaiza, wadda ke sa kwamfuta ɗaya ta ɗauki kwamfutocin ƙarya da yawa a cikinta, tana raba musu memori, wato wurin ajiyar bayanai. Uwani ta haddace bayanin kamar karatun sallah. Ranar kare kundin, tana buɗe baki a gaban malamai Farfesa ya ɗaga hannu.

"Ajiye Turancin nan, yarinya. Yi mini da Hausa, yadda gwaggona ta ƙauye za ta gane."

Ko a mafarki ba ta taɓa yin bayanin da Hausa ba. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauka masauki ne. Manhajar ita ce maigida, kwamfutocin ƙaryar su ne baƙi, memori kuma ɗakuna. Kowane baƙo yana da littafinsa da yake rubuta ɗakin da ya ajiye kaya, kuma gani yake gidan duk nasa ne. Amma lambobin da ke littafinsa ba na gaskiya ba ne. Maigida yana da littafi na biyu, wanda ke nuna ɗaki na ɗaya na wane, a zahiri shi ne na arba'in."

"Ina jin ki."

"Da can, duk lokacin da baƙo ya taɓa littafinsa, sai an tsayar da komai an kira maigida ya gyara nasa kwafin. Wahala ke nan, aiki ba ya sauri. Yanzu kuwa ƙwaƙwalwar injin da kanta take duba littattafan biyu, ta kai baƙo ƙofarsa. Ba a damun maigida sai baƙo ya buɗe ƙofa aka tarar babu ɗaki a bayanta. Sai ya yi maza ya samo masa, baƙon ko labari bai ji ba."

Sauran malamai suna ta gyaɗa kai, Uwani har ta fara hango kanta cikin kaki. Farfesa kuwa ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur, alamar da duk ɗalibin sashen ya san ba ta alheri ba ce.

"Dakata. Ƙofa babu ɗaki? Wato maigidan naki yana iya yi wa baƙi alkawarin ɗakunan da suka fi na gidan yawa?"

"Yana iyawa, ranka ya daɗe. Ai ba duka suke buƙata lokaci guda ba."

"In suka buƙata fa?"

"Sai wasu su ɗan jira, har a samu wuri."

Farfesa ya buga tebur. "Wannan ai zamba cikin aminci ce! A ba mutane alkawarin abin da babu, a bar kowa yana zaton shi kaɗai ne? Ni shekarata talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin mutumin kirki ya tafiyar da al'amari haka ba. Kawo mini misali ɗaya tak na mai mutunci da ke yin wannan, in sa miki hannu yanzu. In babu, ga ƙofa nan."

Ya ɗora hannu a kan kundin zai rufe. Uwani ta dubi hannun, ta ga in ta yi shiru ta faɗi, in ta yi magana ma wataƙila ta faɗi. Sai ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna.

"Ai ba sai an je nesa ba, ranka ya daɗe. Mu goma sha tara ne a baranda tun safe, kowa takardarsa ta ce ƙarfe tara, da sa hannunka a ƙasa. Kujerar kuma ga ta nan guda ɗaya, kuma har yanzu kowa gani yake tasa ce."