Yadda Za Ki Tashi Mijinki Daga Gaban Gem Ya Tafi Gonar Shinkafa

'Yar'uwa, in mijinki ya kafe a gaban talabijin yana buga gem alhali shinkafarsa ta fitar da kai a fadama, bi matakan nan. An gwada su a kan Haruna, mijin Adila ta unguwarmu a Haɗeja. Tabbas sai ya bar falo.

1. Ki san abokiyar gabarki

Ta Haruna tsohuwar na'urar gem ce, PS2, gadon yayansa. Ba ta aiki sai da talabijin, ga wayoyi kamar hanjin kaza. Da an ɗauke wuta take mutuwa, shi kuma ya miƙe ya tafi korar tsuntsu. Kada ki yaba mata wannan hali. Ki riƙa jin haushin awa huɗun da ake da wuta, ki manta da ashirin ɗin da babu.

2. Kada ki faɗa masa kai tsaye

Mace mai kunya ba ta ce wa miji tashi. Adila takan ajiye tuwo ta gaya wa bango cewa an ga tsuntsayen jan-baki masu cin shinkafa sun sauka wajen garin Malam Madori. Bango bai motsa ba. Haruna ma haka.

3. Ki saurari masana ta bayan labule

Kolo mai gyaran waya, abokin Haruna, ya zo hira. Ya ce PS4 ta fi tsohuwar hoto, har gumin ɗan ƙwallo kana gani, amma ita ma 'yar zaman ɗaki ce. Switch kuwa, in ka so ka jona ta da talabijin, in ka so ka zare ta ka jefa a aljihu, da batirinta. Duk bayanin, abu ɗaya Adila ta riƙe: ana fita da ita.

4. Ki sayar da tunkiyarki

Haka Adila ta yi. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta miƙa masa kuɗin, ta ce, "Maigida, ko za ka karɓo mai fitar nan?" Haruna ya daɗe yana sa mata albarka.

5. Ki jira girbi

Tun daga ranar, da sassafe yake fita da Switch a aljihu. Yakan hau rumfar gona, ya ɗaura igiyar gwangwanayen korar tsuntsu a babban yatsan ƙafarsa, ya toshe kunne da abin sauraro. Maƙwabtan gona sun shaida bai taɓa fashi ba. Sun kuma shaida ƙafar ba ta motsi sai ya ci ƙwallo, kuma Haruna ba gwani ba ne.

Shinkafar da aka saba kwasowa da amalanke, bana a bayan keke ta iso gida.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin tunkiya, shinkafa ko ƙibar jan-baki ba. Fitar da miji daga falo aka yi alkawari, an kuwa cika. Mai ƙorafi ta je ta sami Adila. Tana falo, ta jona PS2, tana jira a kawo wuta.