Ranar da Akwatin Wasana Ya Rage Nauyi

Ni ban yarda da kowa ba, balle mai gyara. Akwatin wasana mai kaset, irin na jonawa da talabijin, wanda na sawo a Abijan tun ina cin rani, orijinal ne. Yanzu kuwa a Konni sai a ƙwaƙule cikin irinsa, a cusa ɗan faranti mai kwaikwayon wasannin, a sayar da kayan asali can tsallake.

Da ya daina kamawa, na kai wa Idi mai gyaran rediyo. Ya maido mini shi yana aiki lafiya lau. Nan na tsargu. Na ɗaga, na ji ba nauyi kamar dā. Shekara da shekaru hannuna ya san nauyin abin nan.

Ban yi wata-wata ba, na ja Idi gaban sarkin kasuwa, mutane suka taru.

"Mi ka cire ciki?" na ce.

"Wallahi na cire, Baba," in ji shi.

Na juya ina kallon jama'a, ƙirji a buɗe.

Aka kwance akwatin, kome na wurinsa, har tsatsarsa. Sai Idi ya zazzage leda a kan tabarma: gidajen zanzaro guda-guda, busasshiyar laka mai cika tafin hannu.

Sarki ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko a maida mini kayana ciki.

Har yau, duk wanda ya share ɗakinsa ya samu gidan zanzaro, sai ya aiko mini: "A kai wa Baba, orijinal ne."