Karen Mai-Sitaj da Zabin Hajiya

Allah Ya yi wa Tasawa baiwa da manyan mutane, amma duk in an jera su, Malam Abdul Razak ne ke zama kan kujera, sauran su nemi tabarma. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Ya yi shekaru a biro, wato ofis, yana buga hatimi kan takardun da wasu suka rubuta, har aka taɓa tura shi Faransa ƙaro ilimi na 'yan makonni, abin da 'yan boko ke kira sitaj. Ya dawo da hular gashi, da tarin da sanyi ya sa masa, da labarin da har yau bai ƙare ba. Ko kuɗin albasa ka tambaye shi, sai ya fara da "Lokacin da nike sitaj." Shi ya sa gari ya raɗa masa Mai-Sitaj, shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce.

Da ya yi ritaya sai zama ya ishe shi, ya waiwaya ya ga babu mai gaishe shi da "ranka ya daɗe" sai mai gyaran babur. Ana nan sai labari ya zo cewa Na Allah, tsohon da ke shugabantar mafarautan yankin, gwiwa ta gaza, zai sauka. Al'adarsu kuwa sananniya ce: ranar buɗe farauta bayan girbi, wanda ya fi kowa kawo zabin daji da fakara, shi ake ba gorar shugabanci, makaɗa su yi masa kirari. Kowa ya sa ran Sanda, wani dogo mai ƙarancin magana, shi zai gada. Mai-Sitaj bai taɓa kashe ko ƙadangare ba, amma kirarin nan ya hana shi barci.

Ya sayi bindiga mai baki biyu, sannan ya shiga zaɓen kare. Aka kawo masa karnukan gari daga Kona, ya dube su ta saman tabarau.

"Wanga mi ne ne? Haƙarƙari da wutsiya? Kare ba ya da uba, ba ya da kaka, an tsinto shi bayan mahauta? Non, non. Ni kare nike so mai asali."

Wani Buzu ya kawo siririn karen arewa mai gudu, wanda zomo ke gani ya yi kalmar shahada. Mai-Sitaj ya ce ai gudu aikin jahilai ne, karen ilimi tsayawa yake ya yi tunani. A ƙarshe wani dillali a Yamai ya aiko masa da abin da ransa ke so: kare mai gashi buzu-buzu, kunnuwa na jan ƙasa, ido kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya sa masa suna Kwamanda. Yakan jero kakannin karen nan ɗaya bayan ɗaya ba ya tuntuɓe, alhali in ka tambaye shi sunan kakan babansa, sai ya ce ana kiran salla.

Kwamanda ya sauka a Tasawa ya ga rana, ya nemi ƙarƙashin randa ya kwanta. Tuwo bai karɓe shi ba, sai kifin sardin na gwangwani. Fitarsa ta farko bayan gari, ƙarangiya ta yi masa riga da wando, aka kwashe yini ana cire ta da tsinke yana kuka. Mai-Sitaj ya tafi wurin baduku aka ɗinka wa kare takalma na jar fata, har da ado. Badukun ya ce tun da yake sana'a bai taɓa auna ƙafar da mai ita ya lashe shi ba.

Sai horo. Tunda dawa na da ƙaya, Mai-Sitaj ya ce a tsakar gida za a yi karatu, da zabin matarsa Hajiya Rashida. Hajiya kuwa ba ta wasa da zabinta. Kowace ta ɗaura mata jan ƙyalle a fiffike, kuma babu gidan da ba ta taɓa shiga ba neman wadda ta ɓata. Kullum da safe sai ya busa wata 'yar mabusar ƙarfe, ya watsa gero don zabi su taru, ya buɗe sardin don kare ya taso, ya tsaya a tsakiya yana ba su lacca da Faransanci. Sabo turken wawa. Ba a daɗe ba Kwamanda da zabi suka zama 'yan kwano ɗaya, suna tsince masa kaska yana lumshe ido.

Da ranar ta matso, ko Mai-Sitaj ya fara jin cewa ilimin Kwamanda ya yi zurfin da ba zai fito a kan lokaci ba. Amma babban mutum ba ya rasa dabara. Da asubar ranar farauta, Hajiya na kan sallaya, ya kwashe zabinta a kwando, ya kai su wani kurmin sabara a hanyar Korgom, ya zuba musu gero ya dawo. Lissafinsa mai sauƙi ne: zabo zabo ne, in ya mutu wa zai tambaye shi unguwarsu? Jan ƙyallen ne kawai duhun asuba da gaggawa suka ɓoye masa.

Hantsi ya yi, mafarauta suka hallara da gorori da karnukansu masu haƙarƙari. Mai-Sitaj ya iso da hular gashi, bindiga a kafaɗa, Kwamanda na taku cikin takalma kamar ango. Ya ja taron har bakin kurmin, ya ɗaga hannu.

"Bon! Ku ja baya, ku riƙe 'yan tsintuwarku. Yau za ku ga yadda Turawa ka hwarauta. Ba gudu, ba ihu. Kare shi kawo tsuntsu har gaban maigida. Wala!"

Ya saki Kwamanda, karen ya shige kurmi don inuwa. Mai-Sitaj ya gyara tsayuwa, ya busa mabusa.

Kurmi ya motsa. Sai ga Kwamanda a gaba yana kaɗa wutsiya, zabi a bayansa sahu guda suna ta kwakwazo, kowace da jan ƙyallenta na filfilawa. Ba su tsaya ko'ina ba sai ƙafafun Mai-Sitaj. Suka kewaye shi suna caccakar wandonsa suna neman karin kumallo. Wata da ta fi sabawa da shi ta yi tsalle ta sauka kan bakin bindigar, ta gyara zama.

Har karnukan gari suka zauna suna kallo. Mai-Sitaj ya share gumi ya ce, "Wanga shi ake kira kamun rai. Lokacin da nike sitaj..."

Na Allah ya dogara sandarsa ya matso, ya ɗaga fiffiken zabuwa ɗaya ya daɗe yana duban ƙyallen.

"Malam, kare ya yi aiki, ba mu hana mai ba. Amma ka yi sauri ka maida ma Hajiya Rashida kayanta. Na baro ta tana shiga gida-gida, ta kusa kai ga nawa."

Dariyar da aka yi, an ce har Mayahi an ji ta. Da la'asar Sanda ya dawo da zabin daji na gaske a rataye, aka miƙa masa gora. Mai-Sitaj kuwa da ƙafa ya koma, don zabi sun ƙi kwando. Ya ratsa tsakiyar gari yana busa mabusa suna biye da shi, Kwamanda a kafaɗarsa saboda takalmi ɗaya ya faɗi.

Ban tausaya masa ba, don burinsa ya cika. Makaɗa sun yi kirarin da yake nema, har yau ana yi a bukukuwa: gwarzon da bai taɓa zubar da tsuntsu ba, mai dawo da amana cif. Sai dai in sun kai wurin suna, Kwamanda suke cewa. Shi kuma Malam, Hajiya ta naɗa shi mataimakin Kwamanda, aikinsa buɗe sardin.