Tsinken Sakacen da Ya Tona Min Asiri

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare aikin bincikena na ajin ƙarshe ba. Idan na ci, na gama makaranta. Idan na faɗi, sai baɗi.

Binciken a kan allurar Sinawa ne, wadda ake tsira siraran allurai a jiki don rage ciwo. Ƙa'idar ita ce a raba marasa lafiya gida biyu: wasu a yi musu ta gaske, wasu ta bogi, kuma kada kowa ya san wacce aka yi masa. Malamina ne ke tsira ta gasken, ni kuma na ɗauki ta bogin. Tsinken sakace na sayo a Kasuwar Jalingo, ina zura shi cikin ɗan bututu in danna a bayan mutum.

Babi guda na ɓata ina caccakar masu binciken ƙasashen waje saboda ba sa bayyana irin allurar bogin da suka yi amfani da ita. Har "sakaci" na kira abin (ni da ko garin Sunkani da ke nan kusa ban cika wucewa ba).

Ranar na sha babbar riga, gumi na bin bayana. Dakta Rifkatu, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata makaranta, ta yi ta juya shafuka. Can ta ɗago.

"Ka zagi mutane da kyau. To, taka allurar bogin fa, a wane shafi ka bayyana ta?"

Na buɗe littafin, na rufe, na sake buɗewa. Layi ɗaya tak na rubuta: an yi wa rukuni na biyu ta bogi.

"Ka tambayi marasa lafiyar daga baya ko sun gane wacce aka yi musu?"

"Ranki ya daɗe, ba yadda za a yi su gane."

Da na san abin da zai biyo baya, da na haɗiye wannan maganar. A kujerar baya akwai Goggo Adama, maƙwabciyarmu a unguwar Majidaɗi, mai ciwon baya. Ita ta tattaro min matan unguwa suka shiga binciken, kuma ta zo ne don a ɗauki hoto da ita. Ganin an matsa min, sai ta miƙe don ta cece ni.

"Madam, kar ka wahalar da yaron nan. Ya yi aiki, wallahi! Tsinken hakori ne, duk mun sani. Kwalin yana kan tebur, mun gani."

Dakta Rifkatu ta cire tabarau.

"Mama, amma a nan an rubuta kun ce kun samu sauƙi."

"E, mun yi shawara. Mun ce ɓingel namu ne, ɗanmu ne, in mun ce ba sauƙi za su faɗar da shi. Bayan dai yana nan yana ciwo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da na cika shafuka ina mamakin yadda ta bogi ta kusa kamo ta gaske, ashe tausayin unguwa na auna.

Aka ce in sake binciken daga farko. Shekara guda ta tafi. A bakin ƙofa Goggo ta kama hannuna tana murmushi, ta ce, "Na taimake ka ko?" Na ce, "Useko, na gode, Goggo," ƙwalla na neman zubo min.

Yanzu ko maganin mura na ba mutum, sai na rubuta abin da na yi dalla-dalla. Kuma kafin in kira wani mai sakaci, nakan duba teburina tukuna, ko na bar kwali a kai.